Yadda Muhuyi Ya Tsare Lemon Surukarsa

In ka shigo garinmu na bakin dam ɗin Tiga ka ji murya tana tashi daga teburin shayin Ghali tun kafin ka hango teburin, kada ka ɗauka faɗa ake yi. Muhuyi ne yake bayani. Ɗan acaɓa ne, amma acaɓar ita ce ƙaramar sana'arsa, babbar kuwa sanin komai. In ya kai malamin asibiti Bebeji, zai dawo yana gaya wa mutane maganin da za su sha. In ya ɗauko makanike daga Ƙafin Maiyaki, ranar ba injin ban-ruwan da zai kwana lafiya a garin nan. Mun sha wuya a hannunsa, amma mun saba.

Wuri ɗaya ne tak bakin Muhuyi yake mutuwa, gaban surukarsa Iya Tani, mahaifiyar matarsa Barakatu. Da ya hango ta zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ba ya ci a gabanta, ba ya sha, ko tari ne ya taso masa sai ya haɗiye abinsa. Ita ma ba ta kama sunansa, kuma in an wuce gaisuwa ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta dubi 'yarta ta ce, "Ki gaya wa mai gidanki," shi kuwa ga shi nan durƙushe yana ji. Muna yaba masa wannan kunya ƙwarai, don ita kaɗai ce hutun kunnuwanmu.

A tsakar gidan Iya Tani akwai bishiyar lemon tsami. Shekarar da ruwan dam ya ci tsohon garinmu, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Marigayi Malam Inuwa, mijinta, ya bar turmi ya bar gado, ya tono ɗan dashen lemo ya sa a fasasshiyar tukunya ya ɗoro a ka. Waccan bishiyar ta tsufa ta mutu, amma kafin nan Iya ta shuka irinta, wannan ta fito. Ba ta wuce tsayin mutum in ya ɗaga hannu ba. Iya tana kiranta 'Yar Tsohon Gari. Ita ce duk abin da ya rage mata na gidan da yanzu kifi yake kwana a ciki, da na mutumin da ya ɗauko dashen. Ko ganye ɗaya ka tsinka sai ka yi bayani.

Ana tsakiyar damina autarta Fiddausi ta haifi tagwaye a Burumburum, Iya ta ɗaure kaya za ta je wankan jego sai an yi arba'in. Muhuyi ya zo sallama, ya durƙusa a bakin zaure.

Iya ta miƙa wa Barakatu makulli ta ce, "Ki gaya wa mai gidanki ya kula mini da 'Yar Tsohon Gari. Awakin maƙwabciyata Saude sun sa mata ido. Kada akuya ta taɓa mini ita."

"In sha Allahu," in ji Muhuyi, da wata 'yar siririyar murya.

Yana fitowa waje muryar ta dawo. "Akuya? Ni za a gaya wa akuya? Ko giwa ce ta taso daga Falgore, sai dai ta kalli lemon nan ta haɗiyi yawu!"

A satin ne Allah Ya haɗa shi da Malama Hamdiyya. Malamar jami'a ce daga Kano, aikinta ƙidayar malam-buɗe-littafi. Rani da damina da kaka takan zo ta bi wani burtali guda a gefen dajin Falgore, tana tafiya a hankali, duk wanda ta gani ta ɗauki hotonsa ta faɗa wa wayarta irinsa. Muhuyi ne ya ɗauko ta daga tasha, ya wuni yana bin ta a baya da gorar ruwa. A hanya ta gaya masa cewa da rani suna ƙaranci, da damina su ƙaru, da kaka su cika daji, amma duk shekara na bana ba sa kai na bara, saboda feshi da sare daji. Baiwar Allah ba ta san wa take gaya wa ba.

Da yamma ya faɗo teburin shayi ko babur bai kashe ba.

"Jama'a! Kuna nan kuna shan shayi, malam-buɗe-littafi yana ƙarewa a duniya!"

"Allah Ya jiƙansa," in ji Ghali. "Da madara ko baƙi?"

"Ka ji irin abin da ya hana garin nan ci gaba. Ni da Malama mun yi bincike yau. Ita ƙirgawa kawai take yi, ni kuwa na gano maganin abin. Kiwonsu zan yi. In ta dawo ƙidayar kaka zan sakar mata dubu a lokaci guda, sai wayarta ta yi zafi. Daga nan sai ku ji ni a rediyo."

"Kai da kajinka suka mutu da ƙishirwa a bakin dam?"

"Waɗannan kaji ne, ba su da tunani."

"Su waɗannan ɗin suna da shi?"

"Ghali, zuba shayi, ka bar ilimi ga masu shi."

Washegari ya ari ragar kamun kifi ya shiga lambuna. Duk wanda ya jefa wa ragar sai ya bi ta cikin ido ya fice, ya sake sauka a kan fure kamar ba da shi ake ba. Jifa na farko mai ƙarfi ya kai shi cikin gonar shinkafa, ya fito taɓo har gira. Ya ce na bakin dam sun waye da yawa, ya hau babur sai gefen Falgore. Can ya ga wani babba mai ruwan ɗorawa, ya lallaɓa, ya ware ƙarfi ya watsa raga, ta sauka a kan ɗan maraƙi. Uwar maraƙin ba ta tsaya jin bayani ba. Makiyayin ya same shi a saman wata bishiyar ƙaya, wando a yage, saniya tana zagaye gindin.

"Kaɗo, me maraƙina ya yi maka?"

"Bincike muke yi na jami'a!"

"To sauko ka gaya mata."

Da ya dawo gari ya ce shi ya hau bishiyar da kansa don ya hango yanayin dajin.

Ya ajiye raga ya ɗauki mayafin Barakatu na zuwa biki, da shi ya samu ya kama 'yan kaɗan. Ya kife su da kwando, ya zuba musu dusa da tsaki, ya sa musu ruwa a kasko yadda ake yi wa 'yan tsaki. Kafin kwana biyu duk sun miƙe. Ya ce girman kai gare su, ba su saba da abincin gida ba. Amma a ɓoye ya kira Malama a waya.

"Malam Muhuyi, ai ba babban ake kamawa ba," in ji ta. "Daga tsutsa ake farawa. Akwai wata koriya mai cin ganyen lemo, ita ce take naɗe kanta, bayan 'yan kwanaki ta fito da manyan nan masu baƙi da ɗorawa. Ka samu biyar ko shida, ka sa su a reshe ɗaya, ka rufe da gidan sauro. Don Allah kada ka wuce haka, suna da ci."

Ya kashe waya ya yi tsaki. "Biyar ko shida! Shi ya sa har yau ba a san ta ba."

Lemo kuwa, ai ba sai an je nesa ba, ga makulli a ɗakin matarsa. Ya kwance gidajen sauron gidansa kaf, ya ɗinke su wuri ɗaya, ya lulluɓe 'Yar Tsohon Gari daga sama har ƙasa, ya danne gefe da duwatsu.

"Muhuyi, lemon Iya ne fa," in ji Barakatu.

"Me Iya ta ce? Kada akuya ta taɓa. To nuna mini ta inda akuya za ta shiga nan."

"Mu kuma sauro ya cinye mu?"

"Ki yi haƙuri da ɗan cizo. Matar wanda za a sa a rediyo ce ke."

"Allah Ya sa ba a sanarwar cigiya ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tsaya a bakin hanya ya yi shela: duk mai tsutsa a gonarsa ya kawo masa, yana so. Mutane suka dubi juna. Mu manoma ne, tun da damina ta kama muke tsince tsutsa da hannu muna rasa inda za mu kai ta, sai ga wanda yake roƙo. Ba a taɓa amsa kiran Muhuyi da gudu irin na ranar ba. Masu lambun lemo suka kawo koraye a gwangwani. Masu masara suka kawo tasu a bokiti, masu tumatir suka biyo baya. Wata tsohuwa ta zo da gizaka cike da ƙoƙo, irin mai gashin nan da in ta taɓa ka sai ka wuni kana susa.

"Wannan mai gashin fa, ita ma tana ciki?" in ji Ghali, wanda ya rufe shayi ya zo kallo.

"Ita ce sarauniyarsu. Gashin nan da kake gani shi zai zama ado a fiffike."

"Malamar ce ta faɗa?"

"Malamar ba ta kai nan a karatu ba tukuna."

Ya ɗaga gefen gidan sauro ya yi ta juyewa. Dattawa suna wucewa suna sa masa albarka, wani har ya ce tun da aka haifi Muhuyi bai taɓa yi wa garin nan amfani irin na yau ba. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ce ai somawa aka yi.

Kwana kaɗan, in ka tsaya a tsakar gidan Iya Tani sai ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ana yayyafi, alhali sama garau take. Muhuyi yakan kawo mutane su saurara. "Kun ji? Aiki suke yi."

Na masara da na tumatir dai suka ɗanɗana ganyen lemo suka ga ba nasu ba ne, suka bi ta ƙarƙashin duwatsu suka ratsa danga, suka faɗa ramar Saude da kuɓewarta. Kajin Saude kuma suka bi sawu suka gano inda arzikin yake fitowa, suka tona rami suka shiga gidan sauron. Wata safiya aka ji ihu ta kan danga.

"Muhuyi! Tsutsotsinka sun cinye mini rama!"

"Kajinki fa? Sun cinye mini dabbobin bincike! Kin san hukuncin wannan?"

"Fito ka gaya mini hukuncin, ga muciya a hannuna!"

"Ba na jayayya da wanda bai san kimiyya ba."

"Ni kuwa na san rama, kuma sai ka biya ni da miya!"

Ya wuni yana kora kaji, in ya fitar da uku ta gaba biyar su shiga ta baya. Zakaran Saude ya yi ƙiba har ya daina hawa katanga.

Barakatu ta yi fushi ta daina leƙa gidan, sai da aka kusa arba'in ta je share wa Iya ɗaki. Ta ɗaga gidan sauron ta leƙa, tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ba ganye ko ɗaya. Rassa ne tsirara da ƙaya, 'yan lemon da suka fara fitowa duk sun zube, gizaka tana yawo a jikin itacen.

"Inna lillahi! Muhuyi, ina ganyen?"

"Aski ne. Ko mutum in an yi masa aski gashin ya fi fitowa da kyau."

"Wannan ba aski ba ne, kisa ne! Babana ne ya ɗauko uwar bishiyar nan a kansa, ruwa yana bin sa a baya. Da wane ido za mu kalli Iya?" Hawaye ya zubo mata, na gaske.

Muhuyi ya ɗan sha jinin jikinsa, amma ya maze. "Kwantar da hankalinki. Ran Lahadi zan yi bikin saki, na gayyaci Malama da Mai Unguwa. Daga nan saura mako guda cif Iya ta dawo. In zuba taki, in yi ban-ruwa, ganye ya fito."

"Wane mako? Ran Asabar ɗin nan ake arba'in, Lahadi Iya tana hanya."

"Asabar ta sama dai. Daga ranar suna ake ƙirgawa."

"Daga ranar haihuwa!"

"Barakatu, ni da na yi ƙidaya a dajin Falgore za ki koya wa lissafi?"

"Sau nawa ka yi jego?"

"Ba sai na yi ba, abu ne na hankali. Yaro bai da suna, me za a ƙirga masa?"

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ce, "To Allah Ya kai mu Lahadin."

Duk da haka bai so baƙi su ga bishiya tsirara ba. Ya samo ganyen lemo daga lambu ya ɗaɗɗaura a rassan da zare, kafin azahar mayunwatan suka lashe. Sai dabara ta zo masa: ba tsutsar da take son ɗacin darbejiya. Ya sassaro rassanta ya ɗaure su tsaf da koren zaren Barakatu, ya sayo lemon tsami a kasuwa ya rataya ɗaya-ɗaya. Ta cikin gidan sauro, in ka tsaya nesa kuma idonka ba shi da ƙarfi, bishiya ce.

Ran Lahadi da hantsi gidan Iya Tani ya cika. An kawo wa Mai Unguwa kujera, Malama Hamdiyya ta zo da wayarta, mata sun jeru ta kan danga, an dama kunu cike da babbar roba. Muhuyi ya sha babbar rigarsa ta aure da hula. Kafin a fara ya ce bari ya tashe su daga barci, ya rarrafa cikin gidan sauron ya kama bishiyar ya girgiza. Mun ga wasu abubuwa suna zubo masa a wuyan riga, amma wa zai katse masani?

Ya fito ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, Malama, jama'ar gari! Yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Doguwa. Masu raunin zuciya su zauna. Malama, ki riƙe wayarki da kyau, in ta cika ki ari ta Ghali."

Ya kama igiya ya finciko. Gidan sauron ya sarƙe a ƙaya, ya ƙara ƙarfi, sai ji muka yi kyaaat! Rigar bishiyar ta taho gaba ɗaya, da rassan darbejiya, da zare, da lemon kasuwa suna gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Abin da ya tashi kuwa ba baƙi ba ɗorawa. Wasu ƙananan abubuwa ne masu ruwan ƙasa, irin waɗanda suke faɗa wa fitila, rana ta dame su suka rasa inda za su. Suka shiga idon mutane, suka shiga hanci, suka faɗa kunu. Mai Unguwa ya buɗe baki zai yi salati, ɗaya ta shige. Kajin Saude da suke jira a bakin danga suka ɓarko ta tsakanin ƙafafu, zakaran ya bi wata har kan cinyar Mai Unguwa, kujera ta tafi da baya. Robar kunu ta kife. Na ainihin, manyan masu baƙi da ɗorawa, guda biyu ne suka rage bayan kaji da yunwa, su ma suka tsallake danga ba ko waiwaye.

"Muhuyi, dubun ce wannan ko da saura?" in ji Ghali, yana riƙe da ciki.

Malama Hamdiyya mutuniyar kirki ce, ta yi iya ƙoƙarinta ta danne dariya. "Malam Muhuyi, waɗannan ai faɗa-wuta ne, na tsutsar masara. Kuma ko da dubun ce ta fito, na kiwo ba ya shiga ƙidaya. Wanda na gani da kansa a kan burtalina kaɗai nake ƙirgawa." Sai idonta ya kai kan bishiyar, murmushin ya ɗauke. "Biyar ko shida fa na ce maka."

Muhuyi ya ɗaga yatsa zai ba da amsa, sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙeya zuwa gadon baya. Gizaka ta fara aiki. Ya kai hannu zai sosa ke nan, aka yi sallama a bakin zaure.

Iya Tani ce, da ƙunshin kaya a ka.

Gidan ya yi tsit, har kajin. Mutane suka dare. Muhuyi ya yi wurgi da takalma, ya zube a ƙasa, kai a sunkuye, hannuwa a kan gwiwa. Kowa a garin nan ya san mutum ba ya susa a gaban surukarsa. Kowa kuma yana ganin gizaka guda tana fitowa daga wuyan rigarsa tana nufar bayan kunne.

"Sannu da zuwa, Iya."

"Yauwa. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya damina?"

"Alhamdu lillahi." Kafaɗarsa ta hagu ta yi wani motsi da kanta.

"Ya ƙoƙari?"

"Da godiya."

Iya Tani ba mai doguwar gaisuwa ba ce, amma ranar ta tambayi lafiyar iyayensa, da ta yayyensa na Kiru ɗaya bayan ɗaya, da ta kawunsa na Tudun Wada, har da babur. Muhuyi yana amsawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu, jikinsa yana wani lanƙwasa a cikin riga kamar an saka kifi a buhu. Hannuwan nan kuwa ba su bar gwiwa ba. Na rantse ranar ya ba ni tausayi, kuma ranar ce kaɗai na ga jarumtakarsa.

Sai Iya ta sauke kayanta ta taka zuwa bishiyar. Ta ɗauki reshen darbejiya da zare a jiki ta duba, ta ajiye. Ta ɗauki lemon kasuwa ta duba, ta ajiye. Ta dafa itacen tsirara, ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Dariyar da ta rage a bakin mutane ta gudu. Tsofaffin da suka taso daga tsohon gari suka sunkuyar da kai, Barakatu ta rufe fuska da mayafi.

Shirun ya fi ƙarfin Muhuyi. Can ƙasa-ƙasa muka ji ya ce, "Iya... akuya dai ko ɗaya ba ta taɓa ta ba."

Ghali ya toshe baki da hula ya fice da gudu.

Iya ba ta juyo ba. Ta sa farce ta ɗan kankare bawon reshe, ta kai ido kusa. Kore ne a ciki, da ɗanyensa. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta share ido da bakin zane, sannan ta dubi 'yarta.

"Ki gaya wa mai gidanki da sauran ranta. Ki gaya masa tun da ya san waɗanda suke cin ta, shi zai tsare ta daga gare su har ta mayar da ganyenta. Ki kuma gaya masa ya tashi ya je ya yi susa, kada ya mutu a gidana."

Ba mu ga tashinsa ba. Babbar rigar muka tsinta a zaure, hular a bakin hanya, shi kuwa masunta suka ce sun ga wani ya faɗa dam da wando.

Tun daga ranar, in ya dawo acaɓa sai ya wuce gidan Iya ya zauna a gindin lemo da mafici. Ruwan ƙarshen damina ya taimaka, sabon toho ya fara fitowa, laushi-laushi. Kuma ashe ba abin da manyan nan masu baƙi da ɗorawa suke so su yi ƙwai a kai irin sabon tohon lemo. Waɗanda ya bi har Falgore bai kama ba, yanzu su suke zuwa da kansu, rututu, shi kuma aikinsa kora. Ga Iya a bakin ɗaki tana tsinke zogale, don haka ko uffan ba ya iya cewa. Teburin Ghali ya yi shiru har shayin ya rage daɗi.

Wata la'asar, ina gidan na kai wa Iya saƙo, wani babba mai baƙi da ɗorawa ya zo ya sauka a reshen sama yana buɗe fiffike yana rufewa. Muhuyi ya ɗaga mafici. Iya ta tsaya da tsinkar zogalen tana kallon malam-buɗe-littafin.

"Bar wannan," in ji ta. Ba 'yarta ta gaya wa ba, shi ta gaya wa, karo na farko tun da ya auri Barakatu. "Irinsu ne suke sauka a kan uwarta a tsohon gari. Marigayi Malam yakan hana a kore su."

Muhuyi ya sauke mafici a hankali. Na ga idonsa ya kawo haske, ƙirjinsa ya fara cika, leɓɓansa sun soma motsi. Ya saci kallon gidan sauron da yake shanye a kan danga.

Iya ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ɗaya na ce."